Wasiƙa zuwa ga ɗana a Amurka kan izinin ganin bayanan sirri

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce kana tunanin tsallake maganar tsohon kamfaninka a fom ɗin SF-86, wanda ake cikewa don neman izinin ganin bayanan sirrin gwamnatin Amurka, tunda zargi ne kawai aka yi maka na rubuta awannin da ba ka yi aikinsu ba, kuma kun rabu lami lafiya. Don Allah kada ka yi haka.

Sashe na 13A na fom ɗin bai tambaye ka ko ka aikata ba. Abin da yake tambaya shi ne, cikin shekara 7 da suka wuce, an kore ka, ko ka ajiye aiki bayan an ce za a kore ka, ko kun yi yarjejeniyar rabuwa bayan zargin saɓa ƙa'ida? Na ukun nan naka ne, don haka amsarka "e" ce. Masu binciken DCSA, hukumar da ke tantance masu neman izinin, suna tuntuɓar wuraren da mutum ya yi aiki, su duba fayil, su ji ta bakin tsohon maigidansa. In suka ji daga can kafin su ji daga gare ka, magana ta tashi daga awanni ta koma yi wa gwamnati ƙarya, laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 5.

Ƙa'idojin SEAD 4 na 2017, waɗanda gwamnati ke bi wajen ba da izinin ko hana shi, guda 13 ne, kuma batunka yana ƙarƙashin ƙa'idar E mai duba halin mutum. Ita da kanta ta buɗe ƙofar sassauci idan abin ƙarami ne, ya daɗe, bai maimaitu ba, ko kuma zargin ba shi da tushe. Ɓoyewa ce take wahalar wankuwa, domin wanda za a ba wa amanar sirri, gaskiyarsa ake fara aunawa.

Tun yanzu ka tattara takardar rabuwarku, saƙonnin imel da shugabanka ya amince da awannin, da rasit in ka mayar da wani kuɗi. A gurbin bayani ka rubuta kwanan wata, yawan awannin da ake taƙaddama a kai, da yadda aka ƙare. Kada ka zagi kowa. Ka ajiye kwafi, saboda ranar da mai bincike ya zaunar da kai, bakinka ya zo ɗaya da abin da ka rubuta.

In duk da haka aka aiko maka da takardar dalilan hana izini, wato SOR, kwana 20 gare ka ka amsa kowane zargi ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi zama gaban alƙalin DOHA, wato ofishin sauraron irin waɗannan ƙararraki na ma'aikatar tsaron Amurka, ka ɗauki lauyan da ya san harkar. Can, duk inda aka samu shakka, tsaron ƙasa ake fifitawa, kuma wanda aka hana sai ya jira shekara guda kafin ya sake nema.

Sashe na 18 kuma na dangi ne. Ka rubuta mu iyayenka da ƙannenka da ke nan gida da cikakken adireshi, kada ka bar kowa.

Allah ya yi maka albarka. Ka gaida jikokina.

Mahaifinka