Kira ga Daraktocinmu kan Mintunan Farko na Fim

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin daraktocin Kannywood kan yadda ake buɗe fim mai sa fargaba, saboda sau da yawa akan fara da doguwar hira a falo, alhali mai kallo bai san abin da zai ji wa tsoro ba.

A duba fim ɗin Touch of Evil na darakta ɗan Amurka Orson Welles, wanda ya fito a 1958. Abin da ido ke fara gani shi ne hannun wani mutum yana saita agogon bam, sannan ya cusa shi a but ɗin mota. Daga nan kyamara ta bi motar fiye da minti 3 ba tare da an yanke hoton ba, tana ratsa titunan wani gari da ke kan iyakar Meziko da Amurka. Mu mun san abin da ke ciki, masu motar ba su sani ba, shi ya sa duk tsayawar da ta yi zuciya sai ta buga. Har matar da ke ciki ta koka a shingen jami'ai cewa tana jin wani ƙas-ƙas a kanta, amma babu wanda ya kula ta.

Ina fatan marubutanmu za su riƙa nuna mana haɗarin tun kafin jaruman su ankara.

Naku,
Mai karatu daga Kano