Wasiƙa zuwa ga aminina a Mishigan, kan dandamalin kwanton barewa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa manomin nan maƙwabcinka ya yarje maka ka yi farautar barewa a dajin bayan gonarsa bana. Amma hoton da ka haɗo da shi ya hana ni sukuni. Katakai ne guda biyar aka buga wa ƙusa tsakanin itatuwa biyu, ga guntayen katako an jera a jikin gungume a matsayin matakala, ka ce so kake ka gyara shi ka hau. Don Allah kada ka taka shi. Ka nemi izinin mai gona ka ɓamɓare shi, mu gina wani daga tushe.

Ga dalili. Itatuwa biyu ba sa kaɗawa tare. Iska na busawa, wannan ya yi gabas, wancan ya yi arewa, katakon da ke tsakaninsu yana ta murɗa ƙusar dare da rana har ramin ya buɗe. Itacen kuma yana ƙara kauri duk shekara, yana ture katakon waje yana haɗiye ƙusar, ruwa yana kwanciya a bayan katako inda ido ba ya gani. Daga sama sai ka ga abu garau, alhali ciki ya ruɓe. Saboda haka abin da nake so ka gina shi ne tsani mai dandamali a kansa, wanda nauyinka zai bi ƙafafunsa ya sauka ƙasa, itace kuwa jingina kawai zai zame masa. Gaskiya na kamfani wanda aka gwada ƙarfinsa ya fi kwanciyar hankali, kuma hukumomin farauta shi suke ba da shawara a saya. Tunda ka ƙudurta sai na hannunka, to a yi shi yadda ya kamata.

A filin gwamnati a jiharku doka ta hana buga ƙusa ko sukuru a jikin itace, kuma dandamalin da aka kafa can dole ya zama na ɗauka, da sunan mai shi a jiki, a sa shi daga 1 ga Satumba a cire kafin 1 ga Maris. Kai a gonar mutum kake, don haka yardarsa ce abin nema, ka kuma karɓe ta a rubuce. Duk da haka ka duba ɗan littafin dokokin DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiharku, na bana.

Zaɓen itace shi ne rabin aikin. Ka nemi rayayye, miƙaƙƙe, wanda kaurinsa a daidai inda dandamali zai jingina ya kai inci 12 ko fiye. Ka ɗaga kai ka duba rassan sama, in akwai busasshen reshe a saitin inda za ka zauna, ka wuce. Ka guji itacen ash ɗungurungum. Ƙwaron nan mai launin kore da aka fara ganowa kusa da Ditroit a 2002 ya kashe su da yawa a Mishigan, kuma matacciyar ash takan tsaya ƙyam kamar lafiyayya, sai ta karye farat ɗaya. Alamarta ƙananan huji masu siffar harafin D a jikin ɓawo, da wuraren da tsuntsaye suka feƙe ɓawon ya yi fari. Itacen aspen ma ba shi da ƙwari, zuciyarsa takan ruɓe tun yana tsaye. Itacen ok (oak) da na mapul sun fi. Ok yana da ƙarin amfani, don barewa na son 'ya'yansa da kaka, sai dai kada a sare masa reshe ko a ji masa rauni tsakanin 15 ga Afrilu da 15 ga Yuli, lokacin ne ƙwari ke ɗauko masa cutar da ke busar da shi cikin makonni. Yanzu da muke Agusta an wuce wannan.

Sai iska. Barewa da hanci take tsira. Da kaka iskar wajenku galibi daga yamma ko arewa maso yamma take zuwa, don haka ka zauna gabas da turbar da suke bi, kamar yadi 20 zuwa 30 daga gare ta, yadda warinka zai tafi bayanka.

Ga kayan. Duk katakon ya zama wanda aka dafa da magani, irin mai ɗan kore, kuma na ƙafafun tsani ka karanta 'yar takardar da ke bakinsa ka tabbatar an rubuta cewa yana jure zama a ƙasa. Ka sayi 2x6 mai tsawon ƙafa 16 guda biyu, su ne ƙafafun tsani. Ka ƙara 2x6 mai ƙafa 8 guda biyu na hannuwan dandamali da gicciyensu, 2x4 mai ƙafa 8 guda takwas, 2x2 mai ƙafa 8 guda biyu, da allon daɓe 5/4x6 mai ƙafa 10 guda biyu. Ka tuna sunan katako ba shi ne awonsa ba: 2x4 inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, 2x6 kuma ɗaya da rabi da biyar da rabi. Kada ka bari a zaɓo maka ƙafafun nan biyu. Ka ɗaga kowanne ka leƙa tsawonsa da ido ɗaya kamar mai duba gorar mashi, ka ajiye duk mai babban ido a gefensa, don a wurin idon katako yake karyewa.

Maganar ƙarfen ɗauri ita ce inda mutane suka fi cutar kansu. Tun 2004 aka daina sayar da katakon gida mai tsohon maganin nan na CCA, aka koma ga magunguna masu yawan jan ƙarfe, kuma jan ƙarfe in ya haɗu da laima yana cin ƙarfen gama-gari da alminiyam da sauri. Ƙusa takan rame a cikin katako har ta koma kamar allura, kanta kuwa yana nan lafiya a waje. Ka sayi wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, mai kaushin jiki da launin toka, ko kuma ƙarfen da ba ya tsatsa. Baƙin sukurun nan na silin ɗaki kada ya shigo aikin ko guda ɗaya. Ƙarfensa gautsi gare shi, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsinkewa yake yi. Duk mahaɗar da ke ɗaukar nauyi a huda ta a zura ƙusa mai noti, kaurin rabin inci, da washa a bayan notin. Kana buƙatar masu inci 4 guda takwas da masu inci 6 guda huɗu, sai sukurun katako mai inci 3 kamar fam biyu.

Ka harhaɗa komai a ƙasa. Ka shimfiɗa ƙafafun nan biyu a kan gefensu, inci 24 daga waje zuwa waje. Ka yanka matakala goma sha ɗaya daga 2x4, kowace inci 24, a jera su inci 12 daga saman wannan zuwa saman waccan. Tazarar ta zama iri ɗaya tun daga ƙasa har sama, domin da asuba cikin duhu ƙafa da sabo take hawa, mataki ɗaya da ya bambanta shi ke sa ta zame. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne matashi. Ka yanka 2x2 gunduwa-gunduwa, inci takwas da rabi, ka ɗaure su a jikin ƙafar tsani a ƙarƙashin kowace matakala, hagu da dama, su cike tsakanin wannan da ta ƙasanta. Da haka nauyinka katako yake dannawa a kan katako, sukuru riƙe matakalar kawai yake yi kada ta faɗo. Ka fara huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru kusa da bakin katako, in ba haka ba ya tsage.

Dandamalin ya zauna a tsayin ƙafa 12. Na san za a ce maka ka hau ƙafa 20. Ba na goyon baya ga na katako. Tsawo na ƙara nauyi da lilo, kuma idan ka yi sama da yawa harsashi yakan sauka a tsaye ya kama huhu ɗaya, dabba ta tafi da rauni ka wuni kana bin jini. Tsani ya karkata ƙafa ɗaya a kowace ƙafa huɗu na tsayi, wato gindinsa ya fi kansa nisa da itace da ƙafa uku. Ka yanke gindin ƙafafun a kusurwar digiri 14 don su zauna daram. Sauran ƙafa uku da rabi da suka haura dandamali kada ka yanke su, su ne abin kamawa lokacin da kake tsallakawa ciki.

Hannuwan dandamali biyu ne, 2x6 mai ƙafa huɗu, a ɗaure kowanne a wajen ƙafar tsani da ƙusa mai noti guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa a karkace, inci biyu daga bakin katako. A ƙarshen da zai taɓa itace ka ruɓanya 2x6 biyu a gicce, ka yanke musu baki mai siffar V mara zurfi wanda zai rungumi gungumen. Sannan tokara: 2x4 daga ƙafar tsani, ƙafa huɗu ƙasa da dandamali, ya tashi a karkace zuwa ƙarshen hannu, hagu da dama. Zai bar giɓin inci ɗaya da rabi a gindinsa, ka cike da guntun katako, nan ne ƙusoshi masu inci 6 za su shiga. Tokarar nan ita ce ke hana dandamali naɗewa idan ya zame daga jikin itace.

Daɓen kuwa ka yanka allo bakwai, inci 28 kowanne, ka bar kwatan inci tsakaninsu ruwa ya zube. Kada ka shimfiɗa filawud. Yana riƙe ruwa, ruwan ya daskare a Nuwamba ya zama santsi, ɓawonsa ya ɗaɗɗaye, kuma a arewacin jiharku beguwa tana gaigayarsa saboda gishirin da ke cikin gam ɗin. Kujera ta jingina da itace, tsayin inci 17 ko 18. Ka kewaye gefe biyu da 2x4 a tsayin inci 34, ya zama maƙari kuma wurin ɗora bindiga, ka naɗe shi da tsohon bargo don kada ƙarfe ya buga katako ya yi ƙara.

Ranar ɗagawa ka nemi mutum biyu bayan kai. Katako mai magani in bai bushe ba, ƙafar tsani ɗaya kaɗai ta kusa fam 50, duka abin zai haura fam 200. A fara daidaita ƙasa, a ajiye faffaɗan bulo biyu inda ƙafafu za su tsaya don kada su nutse cikin laka, a buga rodi a bayansu. Tun abin yana kwance a ɗaura doguwar igiya a kowane hannu. In ya miƙe ya jingina, a zagaya da igiyoyin bayan itace a gicce, a ja su a ɗaure a gindin tsani. A sa tokarar tsakiya, 2x4 daga matakala ta shida zuwa gungume, a ɗaure ta da bel. Sai an gama wannan duka mutum zai hau, sauran biyun suna riƙe, domin mafi haɗarin hawa shi ne na farko, lokacin da sama ba a ɗaure take ba. A sama ka zagaya da sarƙa mai tutiya, ka ƙara bel mai ƙarfen tamkewa guda biyu. Bel kaɗai bai isa ba, rana tana cin zarensa, kurege ma yana tauna shi. Ka sauya shi duk shekara, ka kuma sassauta sarƙar bayan farauta don itacen ya sami wurin girma.

Yanzu abin da ya fi damuna. Ka sayi ɗamarar tsaro ta kamfani, mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, wannan ba a ɗinka ta a gida. Bel na ƙugu kawai yakan juyar da mutum kai ƙasa ko ya matse masa numfashi. Mafi yawan faɗuwa wajen hawa da sauka suke aukuwa, don haka ka ɗaura igiyar rai daga sama da kanka ta sauko har gindin tsani, da ƙullin Prusik a jikinta. Tun kana ƙasa ka maƙala ɗamararka, kana hawa kana tura ƙullin sama da hannu, in ka zame ya cije igiyar. A zaune, igiyar bayanka ta kasance a miƙe ba sako-sako ba, yadda ko ka faɗi ba za ka wuce bakin dandamali ba. Rataye cikin ɗamara ma yana da nasa haɗarin, jini yakan taru a ƙafafu mutum ya suma, shi ya sa ake haɗa ta da ɗan bel da za ka taka ka miƙe. Ka gwada shi kusa da ƙasa kafin ranar buƙata. Waya da usur su zauna a aljihun ƙirji. Bindiga kuma a cire mata harsashi, a jawo ta da igiya bakinta yana kallon ƙasa bayan ka zauna ka ɗaure.

Ka yi ƙoƙari ka gama kafin tsakiyar Satumba, barewa su saba da ganinsa, katakon ya bushe, sannan ka koma da sufana ka sake ɗaure kowane noti, domin katako in ya bushe yana ramewa, notin ya yi sako-sako ya riƙa kuka. Ka leƙa ƙarƙashin kujera saboda gidan rina, ka caka sukudireba a gindin ƙafafu da bakin matakala, inda ya nutse a sauya. Guntayen da suka rage kada a ƙona su a murhu, hayaƙinsu da tokarsu guba ne. Farautar bindiga za ta buɗe 15 ga Nuwamba ta rufe 30, kada ka manta rigar ruwan lemo, da bisimilla lokacin harbi, da wuƙa mai kaifi ko ka tarar da ita da sauran rai.

In ka haɗa tsanin a ƙasa, ka turo mini hoton mahaɗun hannuwa da na tokara kafin ku ɗaga. Ka gaishe mini da uwargida da yara, da Malam limaminku.

Wassalam,
Amininka