Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Kududdufan Birni

Allah ya ja zamanin Sarki, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ni talakanka ne, haifaffen cikin ganuwa. Kukan da na kawo kuwa, na san wasu za su ce bai kai a shigar da shi fada ba, domin maganar kududdufi ce.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa birnin nan da laka aka tashe shi, tun daga ganuwar da ake jinginawa ga Sarauniya Amina har Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Duk inda kakanninmu suka haƙi ƙasa suka yi tubali, nan rami ya zauna, ya zama kududdufi. Sun ɗebi ƙasar gini, sun kuma bar wa ruwan sama masauki. Zariya na samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a 'yan watanni, musamman Agusta. Idan aka kece da ruwa, lunguna su tura wa kududdufi, ya riƙe, ƙasa ta sha a hankali, rijiyoyin gidaje su samu, abin da ya yi saura ya gangara rafukan Kamaca da Kubanni.

Yanzu fa? Sai a fara zuba shara, shekara biyu ko uku ramin ya cike, wata safiya a ga an kafa turaku an ja igiya. Kafin damina ta zagayo an yi fandisho. Shi kuwa ruwa bai san takardar ciniki ba, hanyarsa kawai ya sani. A unguwarmu haka aka yi. Da aka cike na bayan gidanmu, ruwan da ya saba kwana can ya dawo yana kwana a gindin katangarmu, har ta jiƙa ta zube cikin dare. Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni, amma tsohuwarmu ta yi sati tana kwana a gidan maƙwabta.

Ba zan ɓoye ba, masu son a cike suna da hujja. Kududdufin da aka yi watsi da shi gidan sauro ne, ga wari, ga leda, ga fargabar yaro ya faɗa. Ga kuma jama'a sun yi yawa, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Sai dai ciwon ido ba ya sa a ƙwaƙule ido. A yashe shi, a hana zuba shara, a kewaye bakinsa, a dasa itatuwa. Matasanmu ma sun nuna za su iya, don duk gabanin damina sukan fito aikin gayya da shebur da baro su yashe kwatoci, ba wanda ya biya su ko sisi. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne su gyara wuri yau, gobe su tarar an sayar.

Haka rimi yake tafiya. Garin da ke da Rimin Tsiwa da Rimin Doko, a ce yaro ya tashi yana jin rimi a sunan unguwa kawai? Da, tun daga nesa matafiyi ke hango kawunan rimaye ya san ya iso Zazzau. Rimi adon gari, in ji masu kirari, ga shi muna sare adon muna yin katako. Ita ma ganuwa, tsakanin ƙofa da ƙofa akwai wuraren da sai an nuna maka tudun kafin ka yarda ta taɓa tsayawa a nan, saboda ɗibar ƙasa da gine-gine.

Na san tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ikon fili yana hannun gwamna, takardun mallaka kuma KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, ke bayarwa. Amma mu da ke cikin lungu mun san cinikin fili ba ya ƙulluwa sai an nemi shaidar mai unguwa, mai unguwa kuwa maganar dagaci da hakimi yake ji, su kuma taka.

Roƙona ke nan, Allah ya taimaki Sarki. A umarci masu unguwanni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, kowa ya rubuto kududdufai da tsofaffin rimaye da filayen wasan yara da suka rage a ƙasarsa, da sunayen da aka san su da su. A ajiye kwafi a fada, a miƙa wa gwamnati ɗaya domin a fitar da su daga wuraren da za a iya yankawa. A kuma ja kunnen kowa kada ya sa hannu a cinikinsu. Wannan ba ya bukatar kwangila, littafi da biro ne da umarnin Sarki. In an fara da rani, kafin ruwan farko ya sauka an gama ƙirga.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Talakanka mai biyayya,
daga cikin birnin Zariya.