Wasiƙa ga abokan cinikinmu: ku kira mu kafin magini ya aza bulo

Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ayyukanku.

Mun rubuto ne domin mu sanar da ku wani sauyi a yadda za mu riƙa karɓar aikin ɗakin sarrafa sauti, wato ɗakin da injiniya yake zama gaban lasifikoki yana haɗa waƙa ko shirin rediyo ko sautin fim. Daga yanzu ba za mu buga ko ƙusa ɗaya ba sai mun auna ɗakin da makirufon awo. Idan mun gama kuma za mu sake aunawa, mu miƙa muku sakamakon farko da na ƙarshe a rubuce. Sannan muna roƙon duk mai niyyar gina sabon situdiyo ya neme mu tun zanen yana kan takarda. Mun san wasunku za su ga kamar jira muka ƙara musu, don haka ga dalilanmu.

Kiran da muka fi samu shi ne: "Na gama gini, na sayi kaya, ku zo ku manna min soso." Idan muka tambayi mai kiran abin da yake damunsa, sai ka ji ɗaya ya ce maƙwabta ne ke ƙorafi, ɗaya kuma ya ce waƙar da ya haɗa ta yi daɗi a situdiyo, amma da aka sa ta a mota sai bes, wato sauti mai kauri, ya cika ta har murya ta nutse. Waɗannan matsaloli biyu ne daban, maganinsu ma daban, kuma soson da ake mannawa a bango ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Hana ƙara shiga da fita aikin gini ne. Abin da yake tare sauti shi ne nauyi, da tazarar iska tsakanin bango biyu da ba su taɓa juna ba, da toshe kowace kafa. Idan ka ninka nauyin bango ɗaya, abin da za ka samu bai wuce ragin desibel 6 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa ake gina ɗaki a cikin ɗaki maimakon a yi ta ƙara kauri. Kafa kuwa ita ce babbar ɓarna. Idan ɓula ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin bango, ragin ƙarar ba zai wuce desibel 20 ba, ko da me aka gina sauran. Ƙarƙashin ƙofa, ramin soket, hanyar da waya ta ratsa, duk nan ne aikin mutum yake zubewa. Tagar da ke tsakanin injiniya da mawaƙi ma muna yin ta da gilashi biyu masu kauri daban, kowanne a jikin nasa bangon.

Amma abin da ya fi sa mu rubuta wannan wasiƙa shi ne na biyu, wato yadda ɗakin kansa yake sauya abin da kunne ke ji. Ɗakin sarrafa sauti sikeli ne. Idan sikelin yana ƙara awo ko yana ragewa, duk abin da aka auna da shi zai fita da kuskure, komai ƙwarewar mai awon. Injiniyan da ɗakinsa ke haɗiye bes zai yi ta ƙara bes, wanda ɗakinsa ke kumbura shi zai yi ta ragewa, kuma kowannensu yana bin gaskiyar kunnensa ne.

Tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa su ne suke yanke wannan hukunci tun kafin a shigo da lasifika. Sauti yana gudun mita 343 a sakan ɗaya. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai mitocin sauti (yawan girgizar sauti a sakan ɗaya, wanda ake aunawa da Hz) da suke kai-kawo suna taruwa a wuri ɗaya, kuma lissafinsu ba wuya: a raba 343 da ninkin tazarar bangon. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai riƙe 43 Hz, da 86, da 129, haka har sama. Wanda ya tsaya jikin bango zai ji 43 Hz kamar zai fasa ƙirji, wanda ya zauna daidai tsakiyar ɗakin kuwa kusan ba zai ji shi ba. Bambancin yakan kai desibel 20 tsakanin wuraren da taku biyu ne kawai ya raba su. To, idan faɗin ɗakin ma mita 4 ne, matsalar ta hau kan 'yar'uwarta a mitar sauti guda. Shi ya sa gabanmu yake faɗuwa idan aka nuna mana ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne.

Masana sun daɗe da yin wannan lissafi. Richard Bolt ya fitar da nasa a 1946, Louden kuma a 1971 ya ba da shawarar 1 da 1.4 da 1.9, wato idan tsayin ɗaki mita 3 ne, faɗi ya zama 4.2, tsawo 5.7. Ba wata lamba ce ta tsafi ba, manufar kawai mitocin su warwatsu kada su cunkushe. A kan takarda, matsar da bango da rabin mita aikin fensir ne da abin gogewa. Bayan an yi filasta kuwa sai guduma. Tun ran gini tun ran zane.

Soso ba mugun abu ba ne, ƙarfinsa ne yake da iyaka. Abu mai shan sauti yana aiki sosai ne idan kaurinsa ya kai kusan rubu'in tsawon igiyar sautin. Soso mai kaurin santimita 5 yana aiki sosai daga wajen 1,700 Hz zuwa sama, daga nan ƙasa sai ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Igiyar 50 Hz kuwa tsawonta ya kusa mita 7. Idan aka lulluɓe ɗaki duka da soso, sai ya shanye siririn sauti ya bar bes yana yawo, ɗakin ya mutu a sama ya yi gunji a ƙasa. Wannan ya fi ɗakin da ba a taɓa ba ruɗar da kunne, domin mutum zai tafa hannu bai ji amsa-kuwwa ba, ya ɗauka aiki ya yi. Kiret ɗin ƙwai kuma don Allah a cire shi: ba ya tare ƙara, ga shi wuta tana kama shi nan take.

Abin da muke sawa shi ne audugar dutse ko ta gilashi, a cikin firam na katako, an rufe ta da yadin da iska ke ratsawa. A kusurwoyi muna son kauri daga santimita 30 zuwa 60, daga ƙasa har silin, domin can bes yake taruwa. Mun san wannan yana cin fili, kuma nan ne muke yawan ja-in-ja da ku. Mai ɗaki yana ganin wurin kujerar baƙi, mu muna ganin wurin tarkon bes. Idan aka ƙara wannan filin tun a zane, kowa ya samu nasa.

Wurin zama kyauta ne, kuma yana gyara abin da kaya masu tsada ba sa gyarawa. Injiniya ya fuskanci gajeren bango, hagunsa da damansa su zama iri ɗaya. Lasifikoki biyu da kansa su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya, ƙaramin bakin lasifika mai fitar da siririn sauti daidai kunnensa. Mukan fara gwada kujera a kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin daga bangon gaba, sannan makirufo ya nuna mana ko a matsa gaba ko baya. Tazarar lasifika da bangon bayanta ma abin lura ce: idan mita 1 ce, sautin da ya dawo daga bango zai soke na asali a wajen 86 Hz, daidai inda gangar ƙasa da jitar bes suke zaune. Ko dai a matsar da ita dab da bango, ko a binne ta a jikinsa kamar yadda mai zanen situdiyo Tom Hidley ya yi a ɗakunan situdiyo na Westlake a Amurka cikin shekarun 1970.

Sai sautin da yake dukan bangon gefe da silin ya iso kunne jim kaɗan bayan na lasifika. Shi ne yake dagula inda murya ta tsaya tsakanin hagu da dama. A ƙarshen shekarun 1970 Don Davis da Chips Davis suka kawo tsarin kashe amsa-kuwwar gaban ɗaki a bar ta bayansa da rai, a 1984 kuma Peter D'Antonio ya taƙaita abin zuwa kewayen kujerar injiniya kawai. Ma'aunin Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai ya ce duk sautin da ya dawo cikin milisakan 15 na farko (milisakan ɗaya kashi 1 ne cikin 1,000 na sakan) ya kasance ƙasa da na asali da aƙalla desibel 10. Kuna iya gano wuraren da kanku: ku zauna a kujera, wani ya ja madubi a jikin bango, duk inda kuka hango lasifika a ciki, nan ake buƙatar allon shan sauti mai kaurin santimita 10 ko fiye. Allunan warwatsa sauti irin na lissafin Manfred Schroeder suna da kyau a ido, kuma da yawanku kuna tambayarsu, amma suna son tazara. Idan bangon baya bai kai mita 2 daga kujera ba, shawararmu a sa masa abin shan sauti mai kauri.

Awon da za mu ba ku zai nuna abu biyu. Na farko, wace mitar sauti ce ta yi yawa ko ta ɓace a wurin zama. Na biyu, tsawon lokacin da sauti yake ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, ma'aunin da Wallace Sabine na jami'ar Harvard ya assasa a ƙarshen shekarun 1890. A ɗakin sarrafa sauti ana neman sakan 0.2 zuwa 0.4, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne bes kada ya daɗe nesa da sauran. Da manhajar REW muke awon, wadda kyauta ce, saboda haka duk mai makirufon awo zai iya bin bayanmu ya tabbatar. Manhajojin gyaran ɗaki da ake sayarwa suna iya rage inda sauti ya kumbura, amma inda ya soke kansa ba sa iya cike shi, don haka mu a ƙarshen aiki muke sa su.

Kada a manta da iska. Ɗakin da aka toshe ko'ina yana buƙatar hanyar shigar sabuwar iska da fitar tsohuwa, ta bututu mai faɗi mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa abin shan sauti. Na'urar sanyaya ɗaki tana juya iskar ciki ne kawai. Wutar kayan sauti kuma a ba ta layinta daban da wayar ƙasa mai kyau, idan ba haka ba gurnanin lantarki zai shiga kowane faifai.

Wanda ya riga ya gama gini kada ya karaya, yawancin ɗakuna suna gyaruwa sosai. Sai dai za mu faɗa masa tun farko iyakar abin da ɗakin zai iya, kuma idan kuɗin hannunsa ba zai ɗauki duka ba, za mu fara da wurin zama da kusurwoyi da bangon gefe, saura ya biyo baya. Idan muka ga sabuwar lasifikar da yake shirin saye ba ita ce maganin ba, za mu ce ya dakata.

Duk mai son mu duba masa, ya turo mana tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, da inda ƙofa da taga suke, da abin da aka gina bangon da shi, da wanda yake zaune a ɗaya gefen bangon da kuma saman silin. Ya haɗa da sunan lasifikokinsa da irin aikin da ya fi yi, ko murya ce zalla ko kiɗa mai nauyin bes. Idan zane ne bai zama gini ba tukuna, hoton takardar ya isa.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Dukkan ma'aikatan kamfanin