Takardar Mota Ta Fi Motar Wuyar Samu

Malam Edita, barka da aiki. Ni fa na sha wuya kan wata tsohuwar Ford Sierra da nake so in sa a tseren tsofaffin motoci. An ce sai na kawo takardar amincewa ta FIA (hukumar tseren motoci ta duniya), wato shaidar da ke nuna injin, birki, har nauyin motar yadda kamfani ya yi mata rajista. A dokar 1982 ta rukunin A, wani ajin motocin tsere na FIA, sai an kera mota 5,000 iri daya cikin wata 12 kafin a amince, RS500 kuwa, wani ingantaccen samfurin Sierra, 500 kacal aka kara a 1987. Wanda ya sayar mini ya ce takardar ta bata, wai! Karshe dai a rumbun FIA na intanet na samo ta, shafukan kari na takardar ne har yanzu nake nema.

Naku,
Mai karatu