Wasiƙar Godiya Ga Masu Shagon Da Suka Sa Mana Makulli Mai Gane Fuska A Gusau

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan tsaron gida da ke kan hanyar Sakkwato a nan Gusau, tare da yaransa da suka yi mana aiki.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta wannan godiya a inda jama'a za su gani, domin wadda na yi muku da baki ranar da aka gama aiki ba ta gamsar da ni ba. Idan mai aikin hannu ya cuci ɗayanmu, kafin gari ya waye labari ya zaga kasuwa da majalisa, amma idan ya riƙe amana sai a yi shiru. Ku kun riƙe amana, a sana'ar da na riga na fid da ran samun masu amana a cikinta.

Ni ɗan kasuwa ne, ina saro yadi da atamfa a Kantin Kwari a Kano, saboda haka nakan kwana a waje sau da yawa. A gida kuwa akwai mahaifiyata wadda shekaru suka ja, ga mai ɗakina, ga yara 'yan makaranta, ga ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wanda wani lokaci sai bayan isha'i yake dawowa. Matsalarmu ta farko ta mabuɗi ce. An yanka wa kowa nasa, yara suna yar da shi a hanyar Islamiyya, kuma duk wanda ya ɓace sai an canza kwaɗo gaba ɗaya, tunda ba a san hannun da ya faɗa ba. Ta biyun ta fi nauyi. Duk wanda ke zaune a Zamfara a shekarun nan ya san yadda gaban mutum ke faɗuwa idan aka buga ƙofa da dare, ko da maƙwabci ne ya zo da wata buƙata. Mahaifiyata takan tsaya a zaure tana tambayar ko wane ne, alhali ba ta da wata hanyar gaskata amsar da za a ba ta.

Kafin in zo wurinku na sha wuya a hannun wani mai irin wannan sana'a, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ya zo da daɗin baki, ya ce in dai ya sa mini kayansa ko ɓera ba zai shiga gidan ban sani ba. Ya karɓi kuɗinsa cif tun kafin ya taɓa guduma, sannan ya kafa kyamarori a inda ya fi masa sauƙin jan waya. Ɗaya tana leƙen tsakar gida inda mata ke aikace-aikacensu, wata kuma ta kamo rabin gidan maƙwabcina, har sai da dattijon ya tare ni bayan sallar asuba ya yi mini magana cikin mutunci, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Babu rasit, babu takardar garanti. Wuta na ɗaukewa komai ya mutu, data na ƙarewa hoto ya yanke. Idan na kira shi sai ya ce yana hanya, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ban san shi ba sai da yaranku suka duba kayan: ashe asusun da ke sarrafa kyamarorin da lambar wayarsa aka buɗe shi, lambar sirrin na'urar kuma tana nan yadda ta fito daga kwali. Wato mutumin da ya daina amsa kirana yana iya zama a inda yake ya ga wanda ya shiga gidana da wanda ya fita, da ranar da na yi tafiya da ranar da na dawo. Ban ce ya yi hakan ba, Allah ne masani. Amma a jihar da kowa ya san irin ɓarnar da infoma masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke yi, wannan ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa ranar da na shigo shagonku a ɗarare na shigo, domin wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani gudu yake yi. Na ce makulli mai gane fuska nake so, mafi tsada da kuke da shi, da kyamara a kowace kusurwa. Maimakon a ɗauko mini kwali, sai injiniyanku, wani matashi mai natsuwa, ya ba ni kujera ya shiga yi mini tambayoyi, daga yawan masu shiga gidan, zuwa ko ƙofar ta ƙarfe ce ko ta katako da inda take fuskanta, da yadda muke samun wuta, da ko akwai mai sa niƙabi a iyalina. Da ya gama sai ya ce, "Baba, gaskiya ɗaya ce. Wannan makulli zai raba ku da ɓatan mabuɗi, zai hana ɓarawon unguwa mai yanka makulli, kuma Hajiya za ta ga wanda ke ƙofa kafin ta buɗe. Amma ba zai tsayar da wanda ya zo da bindiga ba, kuma ƙarfinsa bai wuce na ƙyauren da aka ɗora shi a kai ba. A fara kiran mai walda ya gyara ƙofar tukuna." Ya kuma rage yawan kyamarorin da na nema, ya ce ta bakin ƙofa da ta bayan katanga sun wadatar. Da bakinsa ya rage wa shagonku ciniki, a harkar da tsoron mutane ya zama jarin wasu.

Shi ne ma ya tuna mini da watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda farmakin da ake kai wa 'yan bindiga, muka yi makonni babu kira babu intanet, mutane suna fita zuwa maƙwabtan jihohi don kawai su yi waya. Ya ce duk na'urar da sai da intanet take buɗe ƙofa ba ta dace da garinmu ba. Wadda ya zaɓa mana a cikin kanta take ajiye bayanan fuska, tana aiki da batirin da ake caji, tana kuma yin ƙara tun kafin ya ƙare. In ma ya ƙare, akwai wurin da ake jona mata batirin cajin waya daga waje, sannan ga mabuɗin ƙarfe irin wanda muka saba, wanda ya ce a ajiye ɗaya a hannun amintacce a wajen gidan. Amfanin intanet a tsarin shi ne idan ina Kano aka danna ƙararrawa in ga ko wane ne a wayata.

Wadda na fi son in ambata musamman ita ce yarinyar da kuka turo ranar ɗaukar fuskoki. Ni ban roƙa ba. Tun da injiniyan ya fahimci gidan ba na shigar maza ba ne, sai ya ce akwai 'yar'uwarsu mai wannan aiki, ita za ta kula da mata. Da ta zo ta sa aka buɗe ƙyauren ya juyo cikin zaure, ta rataya zane a bakin ƙofa, mu maza muka koma gindin dalbejiya. Mai ɗakina ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Mahaifiyata ta ce atafau ba za a ɗauki hotonta a ajiye a ƙofar gida kowa ya gani ba. Yarinyar nan ta durƙusa ta sake gaishe ta, ta ce, "Inna, ba hotonki za a liƙa ba. Kin tuna na'urar zaɓen 2023, wadda idan yatsa ya ƙi sai a duba fuska? To irin aikinsu ɗaya, sai dai wannan taki ce, a ƙofarki take, babu wanda zai gani." Ta kama hannunta ta duba, ta ga zanen yatsun ya suɗe saboda shekaru da aikin gida, abin da ya sha ba ta wahala a banki, ta ce fuska ce ta fi dacewa da ita. Ta ɗauka da tabarau, ta ɗauka babu shi, ta nuna mata inda za ta tsaya, aka yi ta maimaitawa ba tare da ta nuna gajiya ko gaggawa ba. Da sakatar ta zare da kanta, mahaifiyata ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ashe ƙofa ta san ni," ta shiga sa mata albarka.

Ga mai ɗakina kuwa, ta faɗa mata ƙarara cewa na'urar ba ta gane fuskar da ke cikin niƙabi, kuma bai kamata mace ta ɗage niƙabinta a bakin titi don a buɗe mata ƙofar gidanta ba. Ta ɗauki yatsanta, sannan ta ja hankalinta cewa sabon lalle yakan rikita mai karanta yatsa, don haka ta haɗa mata da kati da lambar sirri tata ta kanta, saboda lokacin biki da sallah. Ta ce yara a riƙa sake ɗaukar fuskarsu lokaci zuwa lokaci tunda kamanninsu na canzawa, mai aikinmu kuma ta ba ta lambar da safe kawai take aiki. Wannan aikin wanda ya san yadda gidan Bahaushe yake ne. Alhaji, ka riƙe yarinyar nan da kyau, Allah Ya yi mata albarka.

Injiniyan ma bai bar mu da faɗa da baki kawai ba. Ya nuna wa na'urar hotona a waya ta ƙi buɗewa, ya nuna mata na fasfo ta ƙi, ya bayyana mini cewa da wani haske da ido ba ya gani take auna tudu da kwarin fuska, shi ya sa hoto shimfiɗaɗɗe ba ya yaudararta. Da ya ga ni da ƙanena muna kama sosai, sai ya tsayar da shi a gabanta tun kafin a yi masa rajista, ta ƙi. Ya ce dalilin wannan gwaji shi ne a watan Disamban 2019 hukumar kula da ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa manhajojin gane fuska 189, inda ta gano cewa da yawansu sun fi yin kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas ne, saboda haka shi ba ya dogara da abin da aka rubuta a kwali sai ya gwada a kan mutanen gidan. Ya dawo bayan isha'i ya gwada cikin duhu, da ya ga ranar la'asar tana dukan idon na'urar kuma ya sa aka yi mata 'yar rumfa.

Daga ƙarshe ya goge tsohon asusun, ya buɗe sabo da lambata, ya miƙo mini waya ya juya baya har na gama sa lambar sirri, sannan ya cire kansa daga tsarin ina kallo. Ya ce lambar sirri idan ta fita ana canza ta, amma mutum ba ya canza fuskarsa, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ta sanya bayanan fuska da na yatsa cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Rasit da garanti duk an ba ni, an share wurin aiki. Da ƙurar hunturu ta sa na'urar jinkiri, kira ɗaya na yi aka zo aka goge idonta, aka nuna wa yara yadda za su riƙa yi da tsumma mai laushi, ba a karɓi ko sisi ba.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan da na zayyana ai shi ne aikin da ya kamata kowa ya yi, amma ya zama abin mamaki. Yau duk wanda ya mallaki tsani da injin huda bango sai ya ce shi masanin tsaro ne, babu mai tambayar inda ya koya, babu mai sanin gidaje nawa yake kallo a wayarsa. Ana shigo da makullai masu araha da hoto ke buɗewa, ana sayar wa tsofaffin ma'aikata da matan da mazajensu suka rasu, mutanen da tsoro ya sa suka fasa ɗan abin da suka tara. A Ingila tun watan Afrilun 2024 doka ta hana kamfanoni fitar da irin waɗannan na'urori da lambar sirri mai sauƙin cinta, mu kuwa a nan sai a kafa wa mutum kyamara a tafi ba a ko faɗa masa cewa tana da lambar sirri ba. Ya kamata hukumomi da shugabannin 'yan kasuwa su sa ido a kan masu wannan sana'a, domin wanda aka ba ƙofar gida an ba shi sirrin iyali.

Ina da roƙo gare ku, Alhaji. Ku ƙara horar da 'yan mata a wannan aiki, don gidaje da yawa a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara suna buƙatar irin abin da aka yi mana, sai dai ba za su bar namiji ya shiga wurin iyalinsu ba. Ku kuma riƙa ajiye batiran canji a shago, kada sai an jira daga Kano ko Legas. Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa kasuwa albarka, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani magidanci daga Tudun Wada, Gusau.