Wasiƙa daga Mabera

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Sakkwato sai godiya. Inna na gaishe ka, ta ce nisan kiwon ya isa haka.

Ka tambayi abin da mutane ke cewa kan kiran a rubuta sabon tsarin mulki. A majalisarmu ta bakin masallaci zancen na tashi kusan kullum bayan La'asar, amma ba wanda ke kawo lambar sashe. Wani bawan Allah da ya baro gonarsa a yankin Sabon Birni saboda 'yan bindiga ya dube ni ya ce, "Malam, wannan kundin zai mayar da ni gona?" Jikina ya yi sanyi. Na bayyana masa cewa sashe na 214 na kundin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, shi ya sa masu son 'yan sandan jiha ke neman gyara. Sai ya ce, "To, wa zai riƙe linzaminsu?" Wallahi tambayar nan ta fi jawabai da yawa da na saurara. Mutum irin wannan ake cewa bai san komai ba!

Shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kundin 1999 ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka yi shi, alhali da dokar soja mai lamba 24 gwamnatin Janar Abdulsalami ta kafa shi, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zagaya na ɗan lokaci. Na 1979 ma ya fi shi shan muhawara: mutum 49 suka tsara daftarin, majalisar tsara mulki ta tattauna shi daga 1977, har da namu Alhaji Shehu Shagari a ciki. Taron ƙasa na 2014 kuwa, wakilai 492, rahotonsa na nan ajiye.

Na taɓa halartar zaman jin ra'ayin jama'a. Da Turanci aka fara, da Turanci aka tashi. Masu ƙungiya da rubutacciyar takarda aka ba dama, manomi da mahauci suna waje. Mata kuwa ka ƙirga su da yatsu. Kuma ko an saurare ka, gyara ba ya tabbata sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 sun yarda. A majalisun jihohin ne batun 'yancin ƙananan hukumomi ya sha maƙalewa, sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a ba su kuɗinsu kai tsaye.

Ni dai abin da nake so, a fassara daftari da Hausa da Fulfulde, a boko da ajami, a karanta a rediyo, a zauna a ƙananan hukumominmu 23, sannan a dawo a gaya mana abin da aka ɗauka da dalilin barin sauran.

Kafin nan, na fara karanta wa majalisarmu babi na huɗu, na haƙƙoƙin ɗan Adam, ina fassarawa kowace Asabar. Kai da ka karanci shari'a, don Allah ka duba mini fassarar in na turo, kada in ɓatar da mutane.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Mabera